Na buɗe wa kwantena duk diskin sabata, ina ne haɗarin?

Nura:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da wata 'yar saba mai Linux, wato kwamfutar da ke yi wa sauran na'urori hidima, a kanta nake ajiye hotunan iyali da takardun aiki. Jiya na ɗora wata manhajar duba fayiloli a cikin Docker, manhajar da ke gudanar da wasu manhajoji a keɓe a cikin abin da ake kira kwantena, don in riƙa ganin kayana ta waya idan na fita. Da farko folda ɗaya na ba ta, sai ta dinga cewa ba ta da izini. Na yi ta fama har dare ya raba, daga ƙarshe na sa `--privileged`, wato na ba ta cikakken gata, na kuma ɗaura mata diskin gaba ɗaya da `-v /:/host`. Nan take komai ya tafi daidai. To amma tun safe zuciyata ba ta kwanta ba. Ni a sanina duk abin da ke cikin kwantena a killace yake, ko ya lalace ba zai taɓa na'urar da ke ɗauke da shi ba. Masana ku faɗa mini gaskiya, akwai matsala?

Malama Hadiza:
Wa alaikumus salam Malam Nura. Kafin mu je ko'ina, tsayar da kwantenar nan yanzu, sai ka dawo mu yi magana a tsanake.

Killacewar da kake tunani akwai ta, amma kai da hannunka ka cire ta, har sau biyu a layi ɗaya. Kwantena ba wata kwamfuta ba ce daban. Manhaja ce kamar kowace, tana gudana a kan kanel ɗin Linux na mai masaukinta, wato zuciyar tsarin na'urar da ke ɗauke da ita, sai dai an taƙaita abin da idonta ke gani: an ba ta nata jerin fayiloli, nata jerin ayyuka, tata hanyar sadarwa. Da ka rubuta `-v /:/host`, ka ce wa kanel ya nuna mata tushen diskinka. Kuma galibin kwantenoni a matsayin root, wato mai cikakken iko a na'ura, suke gudana, root ɗin ciki kuwa shi ne root ɗin waje, lamba 0 ce a duka wurare biyun, sai idan an yi wani shiri na musamman. Duk wanda ya samu shiga cikin manhajar nan, `chroot /host` kawai zai rubuta, ya zama mai gida. Zai iya zuba mabuɗinsa a `/root/.ssh/authorized_keys`, ya ajiye aiki a `/etc/cron.d`, ko ya goge hotunan da kake magana a kai. Ba ya buƙatar wata ɓaraka ko dabara. Har `--privileged` ɗin ma ba ya buƙata, ɗaurin diskin kaɗai ya ishe shi.

Injiniya Kabiru:
Malama, duk abin da kika faɗa haka yake, ban musa ba. Amma mu riƙa auna magana da wanda ake yi wa ita. Wannan ba sabar banki ba ce. Mutum ne da na'urarsa a ɗakinsa, shi kaɗai ke amfani da ita. Wa zai zauna ya neme shi? Na sha ganin an tsorata masu koyo da irin wannan har su watsar da abin gaba ɗaya. In dai ba ta kallon intanet, ni ban ga abin tashin hankali ba.

Malama Hadiza:
Injiniya, sake duba saƙonsa. Ya ce yana son ganin kayansa ta waya idan ya fita. Ke nan akwai ƙofa a buɗe zuwa waje. Kuma babu mai zama ya nemi Malam Nura da sunansa, manhajoji ne ke kewaya intanet dare da rana suna ƙwanƙwasa kowace ƙofa, ba ruwansu da ta banki ce ko ta ɗakin kwana.

Sannan ko a ce a rufe take ruf, imej ɗin da ya sauke fa, wato ƙunshin manhajar da ake tayar da kwantena daga shi, wa ya haɗa shi? Me ke ciki? Gobe idan aka sabunta shi, wa ya duba abin da aka ƙara? Da ɗan gari akan ci gari. Ba dole sai ɓarawo ya haura katanga ba, wani lokaci baƙon da ka saukar ne.

Nura:
Na tsayar da ita. Gaskiya ne, na buɗe ƙofa a rauta ta, na'urar da ke haɗa gida da intanet, jiya da dare. Amma ina da ufw, katangar tace saƙonnin intanet, a kunne, kuma ban ba lambar wannan ƙofar izini ba a ciki, na ɗauka zai tare.

Malam Isa:
Bai tare ba, ƙanena. Wannan tarkon ya kama mutane da yawa. Idan ka rubuta `-p 8080:80`, Docker kansa ke shiga iptables, inda Linux ke ajiye ƙa'idojin tace saƙo, ya rubuta nasa ƙa'idojin, kuma saƙon yana bi ta nan ne kafin ya kai ga na ufw. Sai ka duba ufw ka ga a rufe, alhali a buɗe take. In kana son ta tsaya a cikin na'urar kawai, `-p 127.0.0.1:8080:80` za ka rubuta. Amma wannan wata magana ce, mu koma kan diski.

Abba:
Ni ɗalibi ne a wannan fanni, a yi mini afuwa in na yi kuskure. Ba sai ya ƙara `:ro` a ƙarshe ba? Wato `-v /:/host:ro`. Tunda karatu kawai za ta iya, ba za ta iya ɓata komai ba. A darussa da yawa haka nake gani ana yi.

Malam Isa:
Abba, tambayarka ta yi kyau, kuma ita ce na fi son a tsaya a kai, don nan ne ma waɗanda suka daɗe a aikin suke zamewa.

`:ro` rubutu yake hanawa, ba ya hana gani. To me ke cikin diskin da gani kaɗai ya wadatar? Akwai `/etc/shadow` inda ake ajiye kalmomin sirri a murɗe, mutum ya kwashe ya je ya yi ta gwada fasa su a nutse. Akwai mabuɗan SSH, na shiga na'ura daga nesa, a cikin `.ssh` na kowane mai amfani, waɗanda mutane da yawa ba sa sa musu kalmar sirri, kuma su ne ke buɗe sauran sabobinka. Akwai fayilolin `.env` cike da sirrin rumbun bayanai. Akwai `/var/lib/docker`, wato cikin duk sauran kwantenonin da ke na'urar. Wanda ya karanta mabuɗinka, ba ya buƙatar rubuta komai ta cikin kwantena. Ta ƙofar gaba zai dawo, da mabuɗinka a hannu, ya rubuta abin da ya ga dama.

Na biyu, wanda ya fi wannan muni. A cikin `/run` akwai `docker.sock`, soket ɗin da ake ba Docker umarni ta cikinsa. Soket ba fayil ba ne da ake rubutu a kansa kamar takarda, layin magana ne. Don haka `:ro` bai shafe shi ba ko kaɗan. Kwantenar za ta iya yi wa Docker magana ta nan, ta ce ya tayar mata da sabuwar kwantena mai cikakken iko da diski a buɗe don rubutu, kuma zai yi. Shi ya sa duk sanda na ga an rubuta `-v /var/run/docker.sock:/var/run/docker.sock:ro` raina yake ɓaci, don mai shi yana ganin ya yi taka-tsantsan, alhali bai rage komai ba.

Akwai kuma na uku, ga masu tsohon Docker. Da can idan ka ɗaura folda da `:ro`, wasu diskokin da aka ɗaura a ƙarƙashinta ba sa bin wannan hukunci, suna nan a buɗe don rubutu. Sai a Docker 25, tare da kanel 5.12 zuwa sama, aka sa hanin ya riƙa sauka har ƙasa.

Abba:
Na gode Malam. Wallahi ban taɓa sanin maganar soket ɗin nan ba, kuma ina da kwantena biyu da na yi wa haka.

Malama Hadiza:
In ƙara a kan na Malam Isa. Ko hanin rubutun ma, kanel ne ke tsare shi, kanel kuwa yakan yi kuskure. A Maris 2022 Max Kellermann ya bayyana ɓarakar da aka sa wa suna Dirty Pipe, mai lambar rajista CVE-2022-0847, wadda ta shafi kanel daga 5.8. Da ita, duk fayil ɗin da kake iya karantawa kana iya sauya abin da ke cikinsa a ma'ajiyar wucin gadi ta kanel, ko da an ɗaura shi a matsayin karatu kawai. An toshe ta, amma darasin yana nan: abin da ba ka nuna wa kwantena ba sam, shi ne kawai ba za ta taɓa ba ranar da irin wannan ta sake fitowa.

Injiniya Kabiru:
To na ji. Amma ku faɗa mini, manhajar ajiyar ko-ta-kwana fa? Aikinta ke nan ta karanta komai. Mai lura da lafiyar na'ura fa, wadda dole ta ga `/proc` da `/sys` da yawan wurin da ya rage a diski? Mai raba hanya, wato manhajar da ke karɓar baƙi ta tura su ga kwantenar da ta dace, da ke karanta soket ɗin Docker don ta san kwantenar da ta tashi? Waɗannan ba wauta ba ce, buƙata ce. In aka bi ta taku, rabin abin da mutane ke gudanarwa a kwantena sai a kashe shi.

Malama Hadiza:
A nan ina tare da kai, Injiniya. Ban ce haramun ne ba. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya ba da wannan ikon yana zaton har yanzu akwai katanga. In dole manhajar ajiya ta karanta komai, to ka sani a ranka cewa root ka ɗora a na'urarka, kwantenar marufi ce kawai don sauƙin ɗauka. Daga nan sai ka bi da ita yadda kake bi da duk abin da ke da ikon root: ka san inda imej ɗin ya fito, ka ɗaure shi a kan takamaiman siga maimakon `latest`, kada ka buɗe mata ƙofa zuwa intanet, kada ka haɗa ta da wata manhaja mai karɓar baƙi. Kuma sau da yawa in ka zauna ka lissafa, ba komai take buƙata ba. Folda uku ko huɗu ne. Ka ɗaura su ɗai-ɗai.

Mai raba hanya kuwa ita ce ma ta fi ba ni tsoro, don ita ce ke tsaye a bakin ƙofa tana karɓar duk wanda ya zo, sannan soket yana hannunta. Gara a sa ɗan tsakani, wata ƙaramar kwantena da ke riƙe da soket ɗin, tana barin tambayoyin karatu su wuce, tana hana umarnin ƙirƙira.

Matsalar Malam Nura dabam ce. Manhajarsa folda ɗaya take buƙata, ya ba ta gidan duka saboda saƙon kuskure ɗaya.

Nura:
Haka ne Malama. To amma me ya sa tun farko ta ce ba ta da izini? Don in ban gane wannan ba, gobe ma abin da zan sake yi ke nan.

Malam Isa:
Madalla, wannan ita ce tambayar. Kanel bai san suna ba, lamba ya sani. Kai a na'urarka wataƙila lambarka 1000 ce, kuma fayilolinka na 1000 ne. Manhajar da ke cikin kwantena kuma mai yiwuwa ta sauka daga root zuwa wata lamba tata, a ce 33 ko 999. Ta zo buɗe folda, kanel ya duba ya ga lamba ba ta yi daidai ba, ya hana. Aikinsa ya yi. Rubuta `ls -ln` a kan foldar ka ga lambobin, sannan ka tayar da kwantenar da `--user 1000:1000`, ko ka duba ko imej ɗin yana da wurin da ake faɗa masa lambar. Shi ke nan.

Kada ka yi `chmod 777`, wanda shi ne abu na biyu da hannu ke kaiwa in an gaji.

In kuma na'urarka irin su Fedora ko Red Hat ce, mai yiwuwa SELinux, wani ƙarin tsarin tsaro, ne ya hana, ko da lambobi sun daidaita. Nan sai a ƙara `:z` in kwantenoni da yawa za su yi tarayya a foldar, ko `:Z` in ta ɗaya ce. Amma a kula sosai, wannan harafin sauya tambarin fayilolin yake yi a kan diskin na gaske. Wanda ya sa shi a kan `/home` ko `/usr` zai iya wayar gari ya kasa shiga na'urarsa. Takardun Docker ma sun yi wannan gargaɗin.

Nura:
Na duba. Fayilolina 1000 ne, manhajar kuwa da wata lamba take gudana. Ashe abin da ya hana ni barci ke nan.

Sadiya:
Tunda ana maganar diski, ni tawa tambayar a kan `--device` ce. Ina son kwantena ta riƙa duba lafiyar diskokina, zafinsu da alamun tsufa. An ce in ba ta `--device /dev/sda`. Tunda ban ɗaura mata folda ko ɗaya ba, ai ba za ta ga fayiloli ba ko?

Malam Isa:
Za ta gani, Malama Sadiya, har ma fiye da wanda aka ɗaura wa folda. Izinin fayil, wato wane ne mai shi da wane ne zai karanta, a matakin tsarin fayiloli ake duba shi. `/dev/sda` kuwa yana ƙasa da wannan matakin, shi ne diskin tsirara. Mai riƙe da shi ba ya tambayar kowa. Da `debugfs` zai zaro kowane fayil daga ɓangaren ext4, da `dd` zai kwafe diskin ɗungurungum, har ragowar fayilolin da kika goge waɗanda ba a rubuta wani abu a kansu ba tukuna. In kuma da izinin rubutu aka ba shi, kuma haka Docker ke bayarwa in ba ki ce komai ba, zai iya rubutu a ƙarƙashin tsarin fayilolin da ke aiki, ko dai ya dasa abin da yake so ko ya ragargaza shi. Ƙaramin abin da za ki yi shi ne `--device /dev/sda:/dev/sda:r`. Wannan ya hana rubutu ta hanyar da aka saba, bai hana karatu ba.

Ni a ra'ayina irin wannan aikin a bar shi a wajen kwantena. smartmontools ƙaramin abu ne, ki ɗora shi kai tsaye a na'urar, ya riƙa aiko da sakamako. In allon kallo kike so, shi ki sa a kwantena, ba tare da diski ba.

Sadiya:
To in diskin a rufe yake da LUKS, tsarin murɗe bayanan diski, fa?

Malam Isa:
In `/dev/sda` kaɗai kika bayar, abin da za a karanta a murɗe yake, wannan ya taimaka. Amma da `--privileged` duk na'urorin da ke `/dev` ake miƙawa, har da `/dev/dm-0` da 'yan uwansa, wato fuskar diskin bayan an buɗe shi. LUKS maganin wanda ya sace diski ya gudu da shi ne. Na'ura tana kunne, an riga an buɗe.

Kuma tunda mun zo nan, Nura ka san abin da `--privileged` ya yi maka jiya. A al'ada Docker yana ba kwantena nau'o'in iko guda 14 ne kacal daga cikin na root, ya riƙe sauran, ya kuma sa mata takunkumin seccomp da na AppArmor ko SELinux. Wannan kalmar ɗaya ta mayar mata da duka ikon, ta cire takunkuman, ta buɗe na'urori. Ko ba ka ɗaura `/` ba, da kanta za ta rubuta `mount /dev/sda1 /mnt` ta shiga.

Zainab:
Ina bin ku tun ɗazu. Bari in kawo ta ɓangaren Kubernetes, tsarin gudanar da kwantenoni a kan sabobi da yawa, don abin ɗaya ne, suna ne ya bambanta. A can `hostPath` ake ce masa. A wani wuri da na taɓa aiki mun ba mai tattara rajistar ayyuka `/var/log` da izinin rubutu, muna ganin ai rajista ce kawai, me za a yi da ita. Sai da aka zo binciken tsaro aka nuna mana: kubelet, wakilin Kubernetes a kowace na'ura, yana ba da abin da ke cikin `/var/log` ga mai izinin karanta rajista, kuma yana bin fayil mai nuni zuwa wani wuri. Kwantena ta ajiye irin wannan manunin a ciki tana nuna wani fayil na na'urar, kubelet da ikonsa na root ya je ya karanto mata. Ranar jikina ya yi sanyi, don ni na rubuta wannan saitin.

Fayil mai nuni shi ne ciwon da ya ƙi warkewa a wannan fanni. CVE-2017-1002101 a kan `subPath` ta wannan hanyar ce, aka gyara, sai ga CVE-2021-25741 a wuri ɗaya. `docker cp` ma ya sha irinta a CVE-2018-15664. Duk lokacin da wani mai iko a waje zai bi hanyar da na ciki ke iya sauyawa, akwai haɗari. Shi ya sa a ƙa'idojin tsaron pod na Kubernetes, tun matakin baseline aka hana `hostPath`, ba a ma jira an kai restricted, matakin da ya fi tsanani, ba.

Malama Hadiza:
Zainab kin tuna mini da wani makamancinsa da ke faruwa ko a saba ɗaya. Folda ɗaya tak ka ba kwantena, mai izinin rubutu, ba ta da wani sirri a ciki. Amma root ne a cikin kwantenar. Sai ya kwafi `bash` ya ajiye a foldar, ya sa masa alamar setuid, wadda ke sa fayil ya gudana da ikon mai shi. A waje, wannan fayil ɗin na root ne na gaske. Duk wani ƙaramin mai amfani a na'urar da ya iya kaiwa gare shi ya kunna, ya zama root. Maganinsa a ɗaura diskin bayanai da `nosuid`, kuma tun farko kada a bar kwantena ta gudana a matsayin root.

Injiniya Kabiru:
To ga inda nake son mu zo. Kun ce kanel ɗaya ne. A 2014 an yi Shocker, wanda Sebastian Krahmer ya nuna ana karanta fayilolin mai masauki daga cikin kwantena ba tare da an ɗaura komai ba. A Fabrairu 2019 an yi CVE-2019-5736, kwantena ta sake rubuta runc kansa, manhajar da ke tayar da kwantenoni, ta hanyar `/proc/self/exe`. A Janairu 2024 ga CVE-2024-21626, wadda aka gyara a runc 1.1.12, nan ma ana kaiwa ga fayilolin waje. Duk waɗannan ba laifin mai saiti ba ne. To in mai bin doka ma ana fasa shi, wahalar me muke sha? An gudu ba a tsira ba.

Malama Hadiza:
Lissafinka daidai ne, amma ka duba tazarar. Waɗannan sai an samu gwani ya gano, a sanar, a fitar da faci, wanda ya sabunta ya tsira. Na Malam Nura kuwa ba ɓaraka ba ce da za a yi wa faci, haka aka gina abin ya yi aiki, kuma zai ci gaba da zama a buɗe har ranar da ya rufe da kansa. Ba za ka ce tunda akwai masu iya fasa kwaɗo gara a bar ƙofa a wangale ba.

Sannan misalin da ka kawo na 2019 hujjata ce. Waɗanda suka raba lambobin masu amfani, wato root ɗin ciki ya zama wata lamba marar iko a waje, harin bai ci su ba, don ba su da izinin rubutu a kan runc. Wannan shi ne shirin da na ambata tun farko. Kanel yana da shi tun 3.8 a 2013. A Docker `userns-remap` ne, ana ɗaukar zangon lambobi daga `/etc/subuid`, galibi guda 65536 daga 100000. Root na ciki ya fito waje, sai ya tarar shi ba kowa ba ne. Podman, wani makamancin Docker, yana gudana ba tare da root ba, Docker ma yana da wannan yanayin a hukumance tun 20.10. Masu LXC, wani tsarin kwantena, kuma su zaɓi kwantena marar gata.

Injiniya Kabiru:
Na gwada userns-remap, Malama. Kwana biyu na yi ina kokawa da mallakar fayiloli, komai ya koma na 100000 da wani abu, manhajar da ke waje ta kasa karanta abin da ta ciki ta rubuta. Ba abu ne da za a ce wa mai koyo ya yi a daren farko ba.

Malama Hadiza:
Gaskiya ne, yana da wahala, ba zan ɓoye ba. Wahalar ita ce alamar cewa rabuwar ta gaske ce. Amma na yarda ba nan Malam Nura zai fara ba. `--user` da folda ɗaya sun kai shi nesa.

Malam Isa:
Kuma kada a ɗauki gudu ba tare da root ba a matsayin laya. A Podman marar root, root ɗin ciki kai ne a waje. In ka ɗaura masa gidanka gaba ɗaya, `-v $HOME:/data`, to mabuɗan SSH ɗinka da tarihin burauzarka da `.bashrc` duk suna hannunsa. Bai zama root ba, amma ya zama kai, kuma a na'urar mutum ɗaya duk abin da ke da daraja a gidan nan yake. In kana da sudo, wato izinin aron ikon root, jira kawai zai yi.

Wanda kuma zai gudanar da abin da bai yarda da shi ba sam, lambar da baƙi suka aiko misali, kwantena zalla ba wurinta ba ne. Nan ake zuwa ga cikakkiyar na'urar kwaikwayo mai nata kanel, ko Kata Containers, ko gVisor da Google ya fitar a 2018. Amma ko a can, foldar da ka miƙa ka miƙa ta.

Nura:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Yanzu abin da ya rage mini: ta kwana a buɗe, kusan awa goma. In goge komai in sake ɗora tsarin, ko in gyara saitin kawai?

Injiniya Kabiru:
Manhajar tana da kalmar sirri? In ka sauya ta daga wadda ta zo da ita, ni sai in ce ka duba ka ci gaba. In ba ka sauya ba, to a nan ni ma na bi bayan su Malama.

Nura:
Ban sauya ba. Na ce sai da safe.

Malama Hadiza:
To ka ɗauka an karanta duk abin da ke diskin, ko da ba ka ga alama ba, don karatu ba ya barin sawu sosai. Rufe ƙofar rauta tukuna. Sauya mabuɗan SSH, ka cire tsofaffin daga duk inda ka zuba su. Sauya kalmomin sirrin da ke cikin fayilolin saiti da na masu amfani. Duba rajistar kwantenar da `docker logs` kafin ka goge ta, ka ga ko akwai adireshin da ba naka ba. Duba `authorized_keys` na kowa, da `/etc/cron.d`, da `/etc/ld.so.preload`, da sababbin ayyukan systemd, da `docker ps -a` ko akwai kwantenar da ba kai ka tayar ba.

Malam Isa:
Ni da na'urata ce, kwashe hotuna da takardu zan yi in sake ɗora tsarin. Wanda ya samu root yana iya sa kayan binciken kansu su yi maka ƙarya. Saba ƙarama ce, aikin yini ɗaya ne. Amma rajistar da Malama ta ce, kwafe ta tukuna.

Nura:
Na duba rajistar. Akwai adireshi guda biyu da ban sani ba, sun buɗe shafin shiga cikin dare. Ban ga alamar sun wuce nan ba, amma ba zan dogara da wannan ba. Zan bi shawarar Malam Isa. Ga yadda zan tayar da ita bayan na gama, ku duba mini:

`--user 1000:1000 --read-only --tmpfs /tmp --cap-drop ALL --security-opt no-new-privileges -p 127.0.0.1:8080:8080 -v /srv/hotuna:/data:ro`

Daga waje kuma ta WireGuard, wato rufaffen ramin sadarwa tsakanin wayata da sabar, zan riƙa shigowa, ba zan sake buɗe ƙofa a rauta don ita ba.

Malama Hadiza:
Ya yi kyau. Gyara ɗaya: tunda ta WireGuard za ka shigo, 127.0.0.1 ba zai amsa wa wayarka ba, sa adireshin da sabar ke da shi a cikin ramin WireGuard ɗin a madadinsa. In manhajar ta nemi wurin ajiye saitinta, ba ta kundin Docker mai suna, wato ma'ajiyar da Docker kansa ke riƙewa, kada ka ƙara mata wata foldar waje.

Kuma da ka sake ɗora tsarin, za ka ga ana cewa ka sa kanka a rukunin `docker` don ka huta da rubuta sudo. Duk wanda ke cikin rukunin nan yana iya rubuta layin da ka rubuta jiya ba tare da an tambaye shi kalmar sirri ba, haka ma duk manhajar da ke gudana da sunansa. Rukunin `lxd` ma haka yake.

Abba:
Ni ma ina cikin rukunin docker a kwamfutata. Malama, in na fita daga ciki, kwantenonin da ke gudana za su tsaya?

Malama Hadiza:
Ba za su tsaya ba, Abba, Docker ne ke riƙe da su ba kai ba. `sudo gpasswd -d sunanka docker`, sannan ka fita ka sake shiga don ya kama. Kwantenonin nan biyu masu soket kuma, turo mana saitinsu mu duba wace ce take buƙatarsa da gaske.